Ƙarfi Ba Sai Da Ƙarfe Ba: Abin Da Mai Juna Biyu Za Ta Ɗauka Daga 'Yan Dambe Da 'Yan Kokawa

A ranakun awo, idan ma'aikatan jinya suka zo kan batun motsa jiki, akan ga wasu mata sun yi murmushi, wasu kuma sun kawar da kai. Dalili kuwa, da zarar an ce motsa jiki, abin da ke zuwa zuciyar mutane shi ne ɗakunan nan da ake gani a talabijin, cike da ƙarafa da injuna, samari na ɗaga nauyi suna zufa. Mace mai cikin wata 6, wadda wataƙila ma ba ta cika fita daga gida ba, ina ita ina wannan wuri? To amma mutane sun yi ƙarfi tun kafin a ƙera waɗannan ƙarafa, kuma shaidar hakan tana nan kusa da mu, a gidan dambe da filin kokawa.

Yadda mayaƙa ke gina jiki

Dambe tun asali wasan mahauta ne, ana yin sa da kaka bayan an kawar da amfanin gona. Su Shago da Ɗan Anace ya yi wa waƙa ba a ɗakin ɗaga ƙarfe suka samu ƙarfinsu ba. Noma ne, da fawa, da doguwar tafiya a ƙasa daga wannan gari zuwa wancan, da gudu, da gwada ƙashi da abokai. Haka 'yan kokawar Nijar, waɗanda tun 1975 suke haɗuwa a gasar ƙasa ta neman takobi. Yau wasu matasan 'yan wasa suna haɗawa da ɗaga ƙarfe ko siminti, amma har gobe tushen horonsu shi ne gudu, da tsuguno da miƙewa, da dafa ƙasa da hannuwa ana sauka ana tashi.

A ƙasar Indiya an yi wani ɗan kokawa mai suna Gama, an haife shi a 1878, ya rasu a 1960, wanda ya je har Landan a 1910 ya kara da manyan 'yan kokawar Turai. Abin da aka fi tunawa da shi a horonsa motsi biyu ne, tsuguno da miƙewa da kuma dafa ƙasa, waɗanda aka ruwaito yana yin dubbai a kowace rana.

Hikimar abin mai sauƙi ce. Tsoka ba ta san bambancin ƙarfe da nama ba, nauyi kawai ta sani. Idan mutum ya tsuguna ya miƙe, cinyoyinsa sun ɗaga kusan dukkan nauyin jikinsa. Idan ya dafa ƙasa ya sauka ya tashi, hannuwansa da ƙirjinsa sun ɗauki kusan kashi biyu cikin uku na nauyinsa. Kuma ɗan dambe abin da yake buƙata shi ne iya sarrafa jikin nan nasa: ya tsaya daram a kan ƙafafunsa, ya goce, ya juya ƙugu, numfashinsa ya kai shi ƙarshen turmi na uku. Shi ya sa horo da nauyin jiki ya dace da shi, ga shi ba ya cin ko kwabo, kuma duk inda mutum ya je yana tare da kayan aikinsa.

Ke ma kusan abin da ke gabanki ke nan. Babu wanda zai ce ki ɗaga buhu a ɗakin haihuwa. Jikinki ne za ki ɗauka, kuma jikin yana ƙara nauyi. Macen da ta shiga ciki da matsakaicin jiki ana sa ran ta ƙaru da kilo 11 da rabi zuwa 16 kafin ta haihu. Masu ɗaga ƙarfe sukan ƙara nauyi kaɗan-kaɗan duk mako domin tsoka ta ci gaba da ƙarfi. Ke kuwa cikin ne da kansa yake ƙara miki. Tsuguno 10 da kika yi a wata na 4 ba ɗaya yake da tsuguno 10 a wata na 8 ba, ko da ba ki ƙara ko guda ba. Don haka ba sai kin riƙa ƙara yawan abin da kike yi ba. Ki riƙe abin da kika saba, in ya yi miki yawa ki rage.

Wannan ba yana nufin ƙarfe haramun ne ga mai ciki ba. Wadda ta saba ɗaga nauyi matsakaici tun kafin ciki tana iya ci gaba, bayan ta yi shawara da likita. Magana dai ita ce rashin ƙarfe ba hujja ba ce ta zama wuri ɗaya.

Me likitoci suka ce?

A da likitoci ma tsoro suke ji. A 1985 ƙungiyar likitocin mata ta Amurka ta ce kada bugun zuciyar mai ciki ya wuce 140 a minti lokacin motsa jiki. A 1994 ta janye wannan iyaka, domin bincike bai goyi bayanta ba. A 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa mai cikin da ba ta da wata matsala ta samu aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a mako, tare da motsin da ke ƙarfafa tsoka. Minti 30 ke nan sau 5 a mako, kuma kina iya raba shi, minti 10 da safe, 10 da yamma, 10 bayan isha.

Amfanin kuwa ba na kwalliya ba ne. Wani babban nazari da masana a Kanada suka tattara a 2018 ya nuna cewa matan da ke motsa jiki da ciki, haɗarin kamuwarsu da ciwon suga na masu ciki da hawan jini na masu ciki ya ragu da fiye da kashi ɗaya cikin uku. Ban da wannan akwai sauƙin ciwon baya, da sauƙin taurin bayan gida, da barci mai daɗi. Kuma ga mai cikin da ke lafiya ba a samu cewa motsa jiki matsakaici yana jawo ɓari ko haihuwar bakwaini ba, wanda shi ne babban abin da iyayenmu mata ke tsoro.

Yaya za ki gane matsakaici? Idan kina yi kina iya magana da wadda ke kusa da ke, jimla cikakkiya, to daidai ne. Idan magana ta fara yankewa saboda haki, kin wuce gona da iri, ki sassauta.

Sau da yawa mata kan ce, ai aikin gida ya ishe ni motsa jiki. Akwai gaskiya a ciki: shara, wanki, kai da kawowa a tsakar gida duk motsi ne, kuma sun fi kwanciya. Sai dai yawancin aikin gida a sunkuye ake yin sa, baya ne ke shan wahala, cinyoyi da ƙasan ƙugu ba su samun komai. Jan guga daga rijiya mai zurfi, ɗora jarka mai lita 25 a ka, ko yinin daka da niyyar wai haihuwa ta zo da sauƙi, waɗannan gajiya ce kawai suke tarawa. Turmin ɗan dambe minti kaɗan ne a huta. Turmin daka kuwa ba a tashi sai tsaba ta yi gari.

Motsin da za ki iya a ɗakinki

Tafiya ita ce uwa. Ko a tsakar gida ne, ki zagaya da ɗan sauri da sanyin safiya ko bayan la'asar sakaliya, da takalmi maras tsini wanda ba ya santsi. Wadda ba ta saba ba ta fara da minti 10, ta riƙa ƙarawa a hankali.

Sai tsuguno da miƙewa, wanda shi ne abincin 'yan kokawa. Naki ba irin nasu ba ne. Ki sa kujera mai ƙwari a bayanki, ki jingina ta da bango don kada ta zame. Ki buɗe ƙafafu daidai faɗin kafaɗa, ki tura mazaunai baya ki sauka a hankali kamar za ki zauna, da kin taɓa kujerar ki miƙe. Ki ja numfashi wajen sauka, ki fitar wajen tashi. Idan kina jin kamar za ki tangaɗa, ki riƙe bakin ƙofa ko taga. Sau 8 zuwa 10, ki huta, ki sake. Wannan motsi shi ne zai sa tashi daga tabarma ko daga bayan gida ya daina zama aiki a watannin ƙarshe. Wadda ke jin zafi a gaban ƙashin mara, musamman wajen buɗe ƙafa ko juyi a gado, ta dakata da shi ta nemi a tura ta sashen fisiyo.

Dafa ƙasa irin na 'yan dambe kuwa, ke bango za ki dafa. Ki tsaya nesa da bango kamar tsawon hannunki, ki ɗora tafukanki a kai daidai kafaɗa, ki lanƙwasa gwiwar hannu har fuskarki ta kusa bango, sannan ki tura ki koma. Baya a miƙe, ƙugu kada ya lotsa. Sau 10. Za ki ga amfaninsa bayan haihuwa, lokacin da jariri mai kilo 3 ya zama mai kilo 6 kuma ba ya yarda a ajiye shi.

Domin ciwon baya, ki shimfiɗa tabarma ki durƙusa a kan gwiwoyi da tafukan hannu kamar mai rarrafe. Ki ɗaga tsakiyar bayanki sama a hankali kamar kyanwar da ta tashi daga barci, ki ɗan riƙe, sannan ki dawo da shi daidai, ba tare da kin bar cikin ya ja bayan ya lotsa ƙasa ba. A wannan yanayi nauyin ciki yana sauka daga kan ƙashin baya, shi ya sa mata da yawa ke jin daɗinsa da daddare.

Akwai kuma wanda babu ɗan damben da zai koya miki, kuma a ganinmu ya fi sauran muhimmanci. A ƙasan ƙugunki akwai wasu tsokoki a shimfiɗe kamar raga, su ke tallafe mafitsara da mahaifa da ƙarshen hanji. Wata 9 suna ɗauke da nauyin ciki, ranar haihuwa kuma su ne ke buɗewa jariri ya wuce. Idan suka yi rauni, sai mace ta ga fitsari na ɗiga in ta yi tari, ko atishawa, ko dariya. Mata da yawa suna fama da wannan a ɓoye, yana dagula musu alwala da sallah, suna jin kunyar faɗa. Wani likitan mata ɗan Amurka, Arnold Kegel, ya bayyana hanyar ƙarfafa waɗannan tsokoki a 1948, shi ya sa ake kiran motsin da sunansa.

Yadda ake yi: ki zauna ko ki kwanta a gefe, ki matse gabanki da bayanki ki ja su ciki, kamar kina riƙe iska da fitsari a cikin jama'a. Kada ki matse cinyoyi ko mazaunai, kada ki ɗauke numfashi. Ki riƙe kina ƙirga 1 zuwa 5, ki saki gaba ɗaya na tsawon hakan. Sakin yana da muhimmanci kamar matsewar, domin ranar haihuwa saki ake nema. Sau 8, sau 3 a rana. Da kin saba ki kai ƙirgar zuwa 10. Babu wanda zai san kina yi, ko kina tsintar shinkafa ko kina layin awo. Abu ɗaya: kada ki mai da shi al'ada ki riƙa tsayar da fitsari a tsakiyar yi, wannan yana hana mafitsara zubar da komai. Nazarin da aka tattara a 2020 ya nuna cewa matan da suka fara wannan motsi da ciki, tun kafin matsalar ta same su, haɗarin ɗigar fitsari a ƙarshen ciki ya ragu musu da fiye da rabi.

Abin da za ki bar wa 'yan dambe

Ɗan dambe yana cije haƙora ya ci gaba ko da jikinsa na ciwo, ana yi masa kirari. Ke ciwo umarni ne na tsayawa. A lokacin ciki jijiyoyin da ke ɗaure gaɓoɓi suna yin laushi, ga nauyi ya koma gaba, don haka targaɗe da faɗuwa sun fi sauƙi. Ban da tsalle, ban da miƙa har inda ya yi zafi, ban da duk wasan da za a iya bugun ciki.

Mayaƙa sukan kwanta rigingine su riƙa ɗago ƙirji domin ƙarfafa ciki. Wannan ma ki bar shi. Bayan wata 3 zuwa 4, idan kika daɗe a rigingine, mahaifa na danne babbar jijiyar da ke mayar da jini zuciya, sai jiri ya kama ki. Ban da haka, tsokokin gaban ciki guda biyu suna buɗewa a tsakiya don ba ciki wuri, kuma wannan motsi yana ƙara matsa musu. Ko tashi daga gado ma, ki fara juyawa gefe, ki sauke ƙafafu, ki tura da hannu.

Sai zafi. 'Yan wasan da ake auna nauyinsu kafin karawa sukan yi gudu cikin rana da kaya masu kauri don su zubar da ruwan jiki. A watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a garuruwanmu, mai ciki ta yi motsinta da sassafe ko da dare, a inuwa, da tufafi marasa nauyi, ta sha ruwa kafin ta fara da bayan ta gama. Wadda ta ɗauki azumi kada ta yi motsa jiki da rana, kuma ta tattauna batun azumin kansa da likita.

Wasu matan kuma sai da izinin likita, ko ma a hana su gaba ɗaya: mai ciwon zuciya ko na huhu, mai hawan jinin ciki, mai ƙarancin jini sosai, wadda ke zubar jini, wadda hoton ciki ya nuna mabiyiya ta tare bakin mahaifa, wadda aka ɗinke wa bakin mahaifa, wadda faya ta fashe mata, da mai tagwaye da ake tsoron haihuwa kafin lokaci. Yawancin waɗannan ba a gane su da ido, a wurin awo ake gano su, don haka ki tambaya kafin ki fara. Ƙarancin jini musamman ya yi yawa a cikinmu; macen da ke haki daga ɗaki zuwa madafa ba ragwanci ke damunta ba, a auna jininta, a duba zazzaɓin cizon sauro, ta riƙa shan maganin ƙarin jinin da aka ba ta.

Idan kina cikin motsi kika ga jini ko ruwa na zuba, ko mara na ɗaurewa tana saki a jere da zafi, ko jiri, ko ciwon kai mai tsanani, ko ciwon ƙirji, ko ƙwauri ɗaya ya kumbura yana ciwo, ki tsaya nan take a kawo ki asibiti a ranar. Haka idan kika ji motsin jariri ya ragu.

Ranar karawa

Kada mu yi miki alkawarin da ba namu ba. Mahaifa tsoka ce, amma ba ta bin umarninki, babu motsin da zai horar da ita. Abin da motsa jiki ke ba ki shi ne juriya: ki iya zagayawa a farkon naƙuda maimakon kwanciya, ki iya durƙusawa ko jingina, numfashinki ya riƙe ki. Kusa da ƙarshe kowane ciwo yakan ɗauki kamar minti ɗaya ya lafa, irin turmi da hutu, kuma wadda ta saba sakin jiki tsakanin motsi da motsi ta fi iya cin moriyar wannan ɗan hutun. Lokacin yunƙuri kansa yana iya kai wa awa 3 a haihuwar fari, awa 2 a na baya.

Amma idan kan jariri ya fi ƙarfin ƙugu, ko ya zo a gicciye, ko mace ta fi ɗan kokawa ƙarfi ba zai fito ba. A gidan dambe, ko ɗan Kudu ne ko ɗan Arewa ko Guramada, akwai alƙali mai raba wasa in abu ya yi tsanani. Macen da ke naƙuda a ƙuryar ɗaki, tana danne kuka saboda kunyar haihuwar fari, ba ta da mai raba mata. Doguwar naƙuda irin wannan ce ke sa kan jariri ya danne mafitsara har nama ya mutu ya huje, a samu yoyon fitsari, wanda ya sha bamban da ɗigar da muka ambata a baya: shi ba tsayawa yake yi ba dare da rana, kuma matse tsoka ba ya maganinsa, sai aiki a cibiyoyi irin ta Babbar Ruga a Katsina. Ki shirya haihuwa a asibiti tun da wuri. Idan kuma naƙuda ta kama ki a gida har ta ɗauki awa 12, kada a ƙara jiran komai.

Maigida, kai ma da kai ake. Babu ɗan wasan da ke shiga fili ba tare da masu tsaya masa ba. Ka ɗauke mata ɗebo ruwa da ɗaukar kaya masu nauyi, ka kai tsabar inji. Ka raka ta zagayen bayan isha idan hali ya yi, kai ma tumbinka zai gode maka. Idan Hajiya ta ga tana tsuguno da miƙewa ta tsorata, kai ne za ka yi mata bayani cikin ladabi cewa daga asibiti aka ce. Sannan ka tanadi kuɗin mota da lambar direba tun wata na 7.

Bayan haihuwa, matse tsokokin ƙasan ƙugu da 'yar tafiya a cikin gida ana iya komawa gare su cikin kwanakin farko, gwargwadon yadda jiki ya ba da dama. Sauran motsin a bi su sannu a hankali, wadda aka yi wa aiki kuma ta jira dubawar mako 6. Maijegon da ta ga tana haki ko a kwance, ƙafafu sun kumbura, tana tari da dare, kada a ce mata ta ƙara motsa jiki, kada kuma a ƙara mata kunun kanwa. Alamun ciwon zuciya ne na bayan haihuwa, wanda likitoci a Zariya suka yi rubutu a kansa tun shekarun 1970 saboda yawansa a wannan yanki, kuma yana buƙatar ganin likita ba tare da an jira arba'in ba.